Zakin Faransa a Hanyoyin Afirka: Nazari Kan Ƙungiyar Tseren Peugeot

Abubuwa biyu sun faru a shekarar 1975 waɗanda ba a cika ambatonsu tare ba. A Kakuri da ke Kaduna aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot, ana ɗauko kayan ta jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, daga nan manyan motoci su ƙarasa da su. A shekarar kuma mota ƙirar 504 ta lashe manyan tsere uku na Afirka: Safari a Kenya, na Maroko, da na Bandama a Kwaddibuwa. Motar da aka ba kofi a Nairobi ita ce ta zama motar sakataren gwamnati da ta alhazan kasuwa. Daga baya ta koma ta haya, tana lodin Funtuwa daga tashar Gusau ta bi ta Kwatarkwashi da Tsafe, ko ta nufi Sakkwato ta Bunguɗu da Talatar Mafara.

Wasanninmu na gado su ne dambe da kokawa da sukuwa, tseren mota kuwa sai dai mu gani a talabijin. Duk da haka tarihin ƙungiyar tseren Peugeot ya shafe mu, domin mu ne muka sayi abin da take tallatawa. Kamfani ba ya zuba dukiya a tsere don nishaɗi. Shaida yake kawo wa mai saye cewa motarsa ta fi ta wani. Abin dubawa shi ne: me shaidar take tabbatarwa, kuma yaushe ta daina magana a kan motar da ke hannun jama'a?

Zamanin da motar tsere take motar kowa

Tseren da Peugeot ta fara suna da shi a Afirka a kan hanyar jama'a ake yin sa, da taɓonta da ƙurarta da gadojinta. Ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, ana lissafa lokacin da kowa ya ɓata tsakanin zango da zango. Mutum biyu ne a cikin mota: direba, da mai karanta masa hanya daga littafi, yana gaya masa inda kwana take da inda rami yake tun kafin ido ya gani. A wasu zangunan kanikawa na jira da taya da mai da kayan gyara.

An fara Safari a 1953, ana kuma yin sa lokacin Ista, daidai saukar damina a gabashin Afirka. A 1963 motoci 84 suka tashi, bakwai kacal suka iso, kuma wadda ta zo ta ɗaya Fijo 404 ce a hannun Nick Nowicki da Paddy Cliff. Bert Shankland ya maimaita da irin motar a 1966 da 1967, Nowicki ya sake ci a 1968. Waɗannan mutane mazauna Kenya da Tanzaniya ne, dillalan motar na can ne suka tsaya musu.

Akwai motocin da suka fi 404 da 504 gudu a wancan lokaci. Abin da ya fifita su juriya ce: cikinsu ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunsu na shanye gargada, tayoyin baya ne ke turawa, injin kuma bai da sarƙaƙiyar da za ta gagari bakanike a bakin hanya. Gaskiya ne ana ƙara wa ta tsere ƙarfi, a sa mata ƙarfen kariya a ƙarƙashin injin, amma ƙashin bayanta ɗaya ne da wadda ake sayarwa. Wanda ya ji Ove Andersson ya ci Safari da 504 a 1975, ya je ya sayi tasa, ba a yaudare shi ba. A wannan zamani shaidar ta gaskiya ce.

Baraka ta fara bayyana a 1978. Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da Bandama da mota mai suna 504, amma mai ƙofa biyu ce da injin silinda shida, irin wadda ba a ganin ta a tashoshinmu.

Jean Todt da motar da suna kawai ta ara

Mutumin da ya karanta wa Hannu Mikkola hanya har suka ci tseren Maroko a 1975 Bafaranshe ne mai suna Jean Todt. A 1981 kamfanin ya damƙa masa kafa ƙungiya ta musamman, Peugeot Talbot Sport. Lokacin kamfanin na cikin matsi, bayan ya haɗiye Citroën da reshen Chrysler na Turai, kuma fatansa duka yana kan wata ƙaramar mota, 205, da ta fito a 1983.

Dokar tsere ta wancan lokaci ta ce in kamfani ya ƙera guda 200 na kowace irin mota, ya isa ya shigar da ita. Todt da injiniyoyinsa suka shiga ta wannan ƙofa. Suka ƙera 205 Turbo 16: injin a bayan direba, tayoyi huɗu duka na ja, ƙarfinta ya ninka na ta kasuwa sau da yawa. Wadda ake sayarwa kuwa injinta a gaba yake, tayoyin gaba kaɗai ke ja. Abin da ya haɗa su bai wuce suna da kamannin fuska ba.

Dabarar ta ci. Ari Vatanen ya kawo nasarar farko a Finlan a 1984, ƙungiyar ta zama zakaran duniya a 1985 da 1986, da Timo Salonen sannan Juha Kankkunen, cinikin 205 kuma ya farfaɗo da kamfanin. Sai dai akwai abin da tallace-tallacen ba su faɗa ba. Wannan mota mai ƙarfin tsiya ba ta taɓa cin Safari ba. Daga 1984 zuwa 1986 Toyota ce ta riƙe kofin, da motar da tayoyin baya kawai ke turawa, wato da irin hikimar da Fijo ta bari.

Gudun ya kai inda rai ba ya jurewa. Vatanen ya sha da ƙyar a hatsarin Ajantina a 1985. Ranar 2 ga Mayu, 1986, Henri Toivonen da Sergio Cresto na ƙungiyar Lancia suka ƙone a tsibirin Kosika, hukumar wasan ta haramta wannan rukunin motoci daga ƙarshen shekarar. Todt ya wayi gari da motoci da ma'aikata, babu filin da zai kai su. Sai ya juya kudu.

Hamada ta zama fili

Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro tseren Faris zuwa Dakar. Na farkon ya tashi ranar 26 ga Disamba, 1978, da ababen hawa 182, guda 74 suka isa. Yawancinsu 'yan sa-kai ne da suka tara kuɗinsu suka gyara tsohuwar mota ko babur. Nijar ce zuciyar tafiyar: hamadar Tenere, Dirku, Agadas inda aka saba yada zango a huta, wasu shekarun kuma a gangaro Tawa kafin a shiga Yamai. Hausawan Adar sun ga wannan ayari da idonsu.

Porsche ta riga ta shigo da ƙarfin kamfani, ta ci a 1984 da 1986, amma Peugeot ce ta kai abin matuƙa. Ta zo da runduna: manyan motoci ɗauke da kayan gyara, kanikawan da jirgin sama ke kai wa zango na gaba su jira, ta yadda motar da ta iso a ragargaje da magariba za ta tashi kamar sabuwa da asuba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ɗan sa-kai mai gyara da hannunsa cikin dare bai da yadda zai yi da irin wannan shiri. Sau huɗu ƙungiyar ta shiga, daga 1987 zuwa 1990, sau huɗu ta ci.

Labarai biyu daga waɗannan shekaru sun nuna wane ne ainihin mai tseren. A 1988 Vatanen na kan gaba da sabuwar 405, aka wayi gari a Bamako babu motar, an sace ta. Kafin a gano ta lokacin tashi ya wuce, aka cire shi. Abokin aikinsa Kankkunen ya ci, kofin bai bar gida ba. A 1989 kuwa Vatanen da Jacky Ickx, dukansu direbobin Peugeot, suka yi wa kowa fintinkau suna gasa da juna. Todt ya ji tsoron kada rigegeniyar ta kifar da motocin biyu. A Gawo ta Mali ya ciro kwabon faran goma ya wurga sama, ta faɗa wa Vatanen, aka umarci Ickx ya sassauta, alhali da sauran tafiya mai nisa kafin Dakar.

Masu kallo da hukumar wasan sun fusata, amma duk wanda ya san sukuwa ya gane lissafin. Mahayi ake yi wa shewa, doki kuwa na mai barga ne, shi ya ciyar, shi ya ɗauki mai wanki da mai yankan ciyawa, shi kuma zai ce wanne za a saki wanne za a ja wa linzami. Todt bai sauya hali ba: a 2002, yana shugaban ƙungiyar tseren Ferrari, ya sa Rubens Barrichello ya kauce wa Michael Schumacher a Ostiriya. Daga baya shi ya shugabanci hukumar tseren motoci ta duniya, daga 2009 zuwa 2021.

Wanda ya ci da wanda ya biya

Garuruwan hanya sun amfana. Agadas ta samu ciniki da baƙi masu yawon buɗe ido, kuma Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa, na cikin waɗanda suka yi aiki da masu shirya tseren. Amma ribar ta 'yan kwanaki ce a shekara, hasarar kuwa wani lokaci ta rai ce. A 1988, shekarar da aka sace motar Vatanen, wata babbar motar tsere ta DAF ta kife a Tenere, mutum ɗaya ya mutu. A Kita ta Mali wata motar tseren ta kashe yarinya 'yar shekara goma. Satar motar ta fi mutuwar yarinyar samun wuri a tarihin wasan.

Da hanya ta yi zafi, ayarin ya kama gabansa. A 2000 aka kwashe motocin ta jirgin sama daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya saboda barazanar hari a arewacin Nijar. A 2008 aka soke tseren baki ɗaya bayan kashe Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Nasarorin Peugeot na 2016 da 2017 a hannun Stéphane Peterhansel, da ta 2018 a hannun Carlos Sainz, sunan Dakar suke ɗauke da shi, amma tayarsu ba ta taɓa ƙasar Afirka a tseren ba. Direban da ke bin Tsafe zuwa 'Yankara a waɗannan shekaru na rashin tsaro bai da jirgin da zai tsallakar da shi.

Abin da kofi bai iya ba

A daidai shekarun da Peugeot ke cin Dakar, masana'antar Kaduna na ja da baya. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin kwatano suka cika kasuwa. Sannu a hankali Golf da Sharon da bas ɗin Toyota suka karɓe layi a tasha. Babu kofin da ya hana hakan, domin ba kofi mai saye yake dubawa ba.

Abin da ya raya 504 a wurinmu wani abu ne dabam. An daina ƙera ta mai ƙofa huɗu a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta fiye da shekara ashirin bayan haka, da wagon ɗinta mai layin kujeru uku da a-kori-kurarta mai kwasar buhunan hatsi ranar kasuwa. Ta daɗe ne domin bakanike ya san kafiretonta da lagiretonta da farfelarta kamar tafin hannunsa, kayan gyaranta kuma na nan a shagon kusa. Direba da yaron mota da bakanike da mai sayar da kayan gyara su ma ƙungiya ce, kuma gwajin da suka yi wa motar ya fi na kowane tsere tsawo.

Yanzu batun harhaɗa mota a gida ya sake tasowa. Kamfanin haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 2022. A bikin kamun kifi na Argungu na 2020 kuma, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta fito da motocin da aka harhaɗa a Najeriya suka yi tafiya daga Abuja. Tunani ne mai kyau, in za a ɗauki darasin 1963 a bar na 1989. A ɗauko mota daga inda ake sayarwa, ba tare da an sake mata ciki ba, a bi da ita hanyar ƙauye tsakiyar damina da cikakken lodi, sannan a bayyana wa jama'a abin da ya karye, da kuɗin gyaransa, da garin da aka samu kayan. Mai shirin sayen motar haya a Bunguɗu zai iya gina lissafinsa a kan wannan shaida.