Ba A Cinikin Biri A Sama: Gwanintar Masu Duba Tsohuwar Bas

Duk wanda ya san titin Haɗeja, daga Gawuna zuwa 'Yankaba, ya san bas ce ke riƙe da tukunyar gidaje da yawa. Hayis ce ke jigilar fasinja zuwa Gezawa, Ringim, Gumel da Haɗeja. Ita ke kai yara makaranta, ita ke rarraba burodi da ruwan leda a shaguna. Kusan dukkansu ba sababbi aka sayo su ba: ko dai 'yar Kwatano ce, wadda wasu ke kira Beljiyam, ko kuma ta hannu, wadda ta riga ta sha wahalar hanyoyinmu. Wannan ya haifar da wata gwaninta da ba a rubuta ta a allon shago, wato ta makanikin da ake ɗauka ya je ya duba mota kafin a zube kuɗi. Ina ganin girman wannan aiki ƙwarai, kuma ya kamata a san abin da ke cikinsa.

A ƙasashen da motocin nan ke fitowa, takarda ce ke ba da labarin mota. A Ingila, tun 1960 ake gwajin da suke kira MOT. Yau duk motar da ta cika shekara uku sai an gwada ta kowace shekara, kuma kowa na iya shigar da lambarta a intanet ya ga abin da aka taɓa samu a jikinta. A Beljiyam, tun 2006 akwai takardar Car-Pass mai nuna kilomitar da mota ta ci daga gareji zuwa gareji. Amma kafin mota ta ƙetaro teku ta iso Kano, yawanci wannan tarihin ya tsaya a baya. Takardar lafiyar mota da jami'an VIO ke bayarwa a nan wajibi ce, sai dai ba ta ɗauke da labarin karon da aka yi shekara biyar da suka wuce. Abin da takarda ba ta faɗa ba, dole a nemo shi a jikin ƙarfe, kuma nan ne gwani ke nuna kansa.

Duk da haka da takardu yake farawa, domin inji mai lafiya bai da amfani idan motar ba ta halatta ba. Zai karɓi takardar kwastan, ya nemi lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen, ya goge ta da tsumma, ya bi ta harafi bayan harafi. Lambar shasi ta duniya tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma babu I, O ko Q a cikinta, ko da yake motocin da aka ƙera don amfanin cikin Japan tasu ta fi gajarta. Yana shafa wurin da yatsa: in ya ji alamar an goge an sake bugawa, ko ya ga walda ta kewaye lambar, magana ta ƙare. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ba a biya mata kuɗin fito ba ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru. Shi ya sa zai ce wa mai saye, "Alhaji, a kai lambar nan ofishin kwastan a tabbatar tukuna, kada mu yi gaggawa." Haka zai nemi shaidar mallaka, ya ga ko sunan da ke ciki na mai sayarwar ne, ko akwai takardun cinikin da suka haɗa shi da mai sunan.

Sai inji. Gwani ba ya yarda a kira shi da rana, bayan an ɗumama mota. Da sassafe yake zuwa, ya ɗaga kujerar gaba, tunda a ƙarƙashinta injin Hayis yake, ya ɗora tafin hannunsa a kai. In ya ji ɗumi, ya san an riga shi, sai ya ce zai dawo gobe. Dalili kuwa shi ne injin da ya kwana ba ya iya ɓoye ciwonsa. Kafin a tayar, yana murɗa makulli rabi ya ƙirga fitilun da suka kama a gaban direba, saboda akwai masu cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada ta tona asiri. Da an tayar, ya koma baya ya tsaya a bakin salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin injin yana cin baƙin mai, zobba sun gaji. Fari mai kauri da ba ya yankewa na nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, gasket ya ƙone. Baƙi kuma man ne ba ya ƙonewa daidai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, motar da ke zuƙar mai tana iya cinye ribar mai ita gaba ɗaya.

Zai buɗe murfin baƙin mai ya leƙa. In ya ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. In ya murza man a yatsu ya ji ya yi kauri fiye da kima, ya san wataƙila an zuba shi ne don a danne ƙarar inji. Zai duba lagireto tun yana sanyi, ya ga ko ruwan na yin kumfa yayin da inji ke aiki, sannan ya duba ko an haɗa fanka kai tsaye, domin sau da yawa hakan alama ce motar ta taɓa yin zafi aka rufe matsalar maimakon a gyara. Dillali zai rantse cewa ba a taɓa buɗe injin ba. Gwani ba zai yi musu ba. Kawunan notuna zai kalla, don sifana tana barin sawunta. Matasan makanikai yanzu suna zuwa da na'urar da ake jonawa da kwamfutar mota, kuma tana da amfani sosai, amma ba ta maye gurbin kunne da hanci ba.

Daga nan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. A nan ake gane inda mota ta yi rayuwa. Wadda ta fito daga ƙasashen sanyi tana ɗauke da tsatsar gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma tsatsar kan ci shasi daga ciki, shi ya sa yake ƙwanƙwasawa da sukundireba yana saurare. Wadda ta sha lodi a nan gida kuwa, za a ga an ƙara mata sifirin, ko an yi wa shasi faci. A saman jiki yana bin ta da ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, an cike wurin ne aka shafe da fenti. Ya fi tsananta bincike a gaba, saboda a Hayis tsakanin ƙafar direba da abin da zai kara ba wani nisa.

Akwai kuma batun juya sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, alhali Japan da Ingila har yau a hagu suke. Bas da yawa daga can sukan zo da sitiyari a dama, sai a mayar da shi hagu. Gwani na gane wannan cikin ɗan lokaci: ɓangaren da waifa ke kwanciya, gefen da sandar sigina take, yankan da aka yi wa allon gaba, wani lokaci har ƙofar fasinja da ke buɗewa ta tsakiyar titi. Abin da yake son sani shi ne ingancin aikin, domin sandar sitiyarin da aka yi wa walda ta garaje tana iya rabuwa ana tsakiyar gudu.

Agogon kilomita ba ya ruɗarsa, don ana mayar da shi baya. Robar birki da ta kuloci, santsin sitiyari da lotsawar kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya. A gefen kowace taya kuma akwai alƙaluma huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma kwaltar Kano a watan Afrilu ba ta yi wa tsohuwar taya sauƙi. In gefe ɗaya kawai tayar ta cinye, ƙafar motar ba daidai take ba.

Ƙarshe sai hanya. Shi zai tuƙa, rediyo a kashe, kuma ba zagayen layi ɗaya ba. Zai ratsa cunkoson 'Yankaba don ya ga ko allurar zafi za ta hau, sannan ya miƙe hanyar Gezawa ya ba ta wuta. Zai saurari kukan aksil na baya, ya ji ko giya na fita da kanta, ya sassauta riƙon sitiyari ya ga ko tana ja gefe, ya taka birki da ƙarfi inda ba kowa. In da hali ya ɗebi mutane, tunda motar da za ta yi aiki da kaya ba a gane ta a fanko.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake yanke hukunci. Ba ya cewa "tana da kyau" ko "ba ta da kyau" kawai. Yakan raba abin uku: wanda za a gyara kafin a fara aiki, wanda zai jira wata shida, da wanda ba ya gyaruwa. Na farko da na biyu zai faɗi kuɗinsu a farashin kasuwar Ƙofar Ruwa, don a rage su daga ciniki. Na uku kuwa, irin shasin da ya karye ko lambar da aka taɓa, zai ce, "Ranka ya daɗe, a haƙura da wannan, araha ba ta ado."

Faɗin haka yana buƙatar fiye da sanin inji. Akwai mai sayarwar da zai ja shi gefe ya yi masa alkawarin wani abu in ciniki ya faɗa, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa ɓoye aibin haja haramun ne. Makanikin da ya ƙi wannan tayi ya kare jarin da mutum ya yi shekaru yana tarawa, ya kuma kare mutum goma sha takwas da za su riƙa hawa motar kullum ba tare da sun san shi ba. Saboda haka wanda zai sayi bas ya nemi nasa makanikin, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya biya shi ladansa cikakke, ko an saya ko ba a saya ba, kuma in ya ce a bari, a bari.