Kan Sarki da Katin 'Yan Wasa: Tsokaci a kan Zane da Daraja

Manufar wannan tsokaci ita ce auna tsakanin kyan zane da tsadar kuɗi a sha'anin tara tsofaffin ƙananan takardu masu hoto. A Amurka katin 'yan ƙwallon kwando ake tarawa. A ƙasar Hausa kuwa, abin da ya fi kusa da shi shi ne kan sarki, wanda yake kwance jikin tsofaffin ambulan a adakar malamai da ma'aikatan En'e na dā a garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe.

A shekarar 1986 kamfanin Fleer ya fitar da jerin katuna 132, an shirya su tare da cingam don yara. A cikinsu akwai na Michael Jordan, mai lamba 57, da na Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda aka rubuta sunansa Akeem domin sai a 1991 ya gyara rubutun. Zanen ba wani abin a zo a gani ba ne: hoton ɗan wasa a tsakiya, an kewaye shi da ja da fari da shuɗi. Sai dai launin gefen nan yana saurin ɓarewa, saboda haka katin da ya tsira sumul ya yi ƙaranci. Masu tantancewa suna ba kati maki daga 1 zuwa 10, kuma a farkon 2021 an sayar da na Jordan mai maki 10 a kan dala 738,000. Watau raunin bugun ne ya haifi tsadar.

Kan sarkin Arewa ya fi wannan ban mamaki. A 1900 Turawa suka fitar da na farko ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya da sunan Nijeriya ta Arewa, alhali ba su shiga Sakkwato ba sai a watan Maris na 1903. Ashe dai takardar ta riga bindiga yin iƙirarin mallakar ƙasar da Tambuwal da Kebbe suke ciki. Kamfanin De La Rue na London ne ya buga shi da zubi ɗaya da na wasu ƙasashen da Ingila ta mallaka, suna da farashi kawai ake canzawa. Babu doki, babu rawani, babu ko harafi ɗaya na ajami. Wanda ya fi duka tsada a cikinsu shi ne na fam 25 na 1904, mai kan Sarki Edward na Bakwai, wanda masu tarawa suke biyan dubban fam a kansa. Ba don kyau ba ne, domin in aka rufe farashin, kusan ba a bambance shi da na kwabo. Kaɗan aka buga, kuma babu wasiƙar da take bukatar fam 25 a wancan zamani.

Idan zane za a bi, jerin 1953 na mai zane Maurice Fievet ya yi masa fintinkau. A nan ne aka ga mahayan Barno a kan na kwabo, da gyaɗar Kano, da gadar Jebba. Mahayan nan suna da motsi da ƙura, har mai kallo ya ji kamar hawan salla. Amma akwai abin suka: mafi yawan jerin kayan da ake fitarwa waje ne, gyaɗa da kuza da koko da katako, tamkar ƙasar kanti ce aka baje hajarsa. Jerin 1973, shekarar da naira ta canji fam, ya kawo bikin kamun kifi na Argungu, maƙwabciyar wannan yanki, ko da yake bugunsa bai kai na 1953 tsabta ba. Dukansu an buga su da yawa ƙwarai, don haka ba su da wani kuɗi a kasuwar masu tarawa.

(Abin lura ga masu nazarin harshe: kan sarki ya ɓace daga takardar tuntuni, amma sunan ya zauna daram.)

A nan ne ma'aunin 'yan kasuwa ya saɓa da na manazarci. Katin Jordan ana son sa kamar hannu bai taɓa shi ba. Kan sarki kuwa, amfaninsa ga tarihi yana tare da hatimin gidan waya da aka doka masa, mai sunan gari da kwanan wata, da kuma adireshin da aka rubuta da boko ko ajami. Daga irin wannan ambulan ake gane hanyar da wasiƙa ta bi daga Tambuwal zuwa Sakkwato, da wanda yake rubuta wa wa, da lokacin da boko ya fara ture ajami a wasiƙun talakawa. Yaron da ya jiƙa ambulan ya ɓamɓare kan sarkin don ya manna a littafi ya sami abin da bai kai kuɗin cingam ba, ya kuma watsar da shaidar. Abin da ya rage a adaka kuwa, gara da damina suna nan suna aikinsu a kansa.