Wa ke rubuta wa mai gambara baitinta?

Duk mai bibiyar waƙoƙin K-pop na Koriya ta Kudu ya san yadda ake tsara ƙungiyar 'yan mata. Tun kafin waƙar farko ta fito, kamfani ya riga ya raba muƙamai: wannan ce babbar mai rerawa, waccan babbar mai rawa, ga kuma mai gambara. Ana tsakiyar waƙa sai kiɗa ya sauya, mai gambarar ta matso gaban kyamara, ta zubo kalmomi na 'yan daƙiƙu, rabi Turanci rabi Koriyanci, ta kashe ido ɗaya, ta koma layi. Ni dai salon ya fara gundurata, saboda da yawa daga cikin baitocin nan ba masu furta su ne suka rubuta ba.

A da, a ƙungiyoyin 'yan mata na Amurka, wannan gurbin yana da nauyi. Lisa Lopes, wadda aka fi sani da Left Eye, ita ce mai gambarar TLC, ƙungiyar da ta taso a Atlanta ta Amurka tare da T-Boz da Chilli. A 1994 ta cinna wa gidan saurayinta wuta, kotu ta yi mata ɗaurin talala, ta kuma shiga cibiyar gyaran hali saboda shaye-shaye. A daidai wannan tsakanin ne suke haɗa kundin CrazySexyCool. Waƙarsu Waterfalls, wadda ta yi mako 7 a saman jadawalin Billboard a 1995, gargaɗi ce kan safarar ƙwaya da cutar ƙanjamau. Baitin da Left Eye ta saka a ciki da hannunta ta rubuta, tana magana kan halin da ta jefa kanta da fatan samun mafita. Ta rasu a hatsarin mota a Honduras a 2002 tana da shekara 30, amma har yau in aka ji baitin, an san mutum ce ke faɗin abin da ke cinta.

Za a ce ai masu rerawa ma waƙar wasu suke rerawa, babu mai zarginsu. Haka ne. Kuma babu mai musun gwanintar Lisa ta ƙungiyar K-pop ta Blackpink, wadda ta baro Tailan zuwa Koriya a 2011, ta yi shekara biyar tana atisaye a kamfanin YG kafin ƙungiyar ta fito a 2016. Sai dai mafi yawan waƙoƙin Blackpink daga hannun furodusa Teddy Park da abokan aikinsa suke fitowa. Gambara kuwa tun asalinta bugun ƙirji ce, mutum ya tsaya ya ce ga ni, ga inda na fito. Idan wani ne ya rubuta maka bugun ƙirjin, ka zama mai kayan aro, kuma an san kayan aro ba ya rufe katara.

A cikin Koriyar ma akwai hujjar cewa abin zai yiwu. Soyeon ta fafata a gasar Unpretty Rapstar a 2016, sannan ta fito da ƙungiyar (G)I-DLE a 2018 da waƙar Latata, wadda take cikin marubutanta. Daga nan ta zama ita ce ke rubuta da tsara akasarin manyan waƙoƙinsu, har da Tomboy ta 2022. Ko ba ka son muryarta, za ka ji waƙar tana da uwa, domin baitin gambarar yana ci gaba da zancen da amshi ya ɗauko.

Kamfanonin da ke ɗaukar yarinya tun tana 'yar shekara goma sha huɗu su koya mata rawa da harsuna, ba za su kasa ba ta malamin rubutu da damar gwada alƙalaminta ba. Mu kuma masu sauraro, kafin mu naɗa wata sarauniyar gambara, mu duba jerin marubutan waƙar mu ga ko sunanta yana ciki.