7805: amfiya 1 a takarda, nawa a Babura?

Idan ka taɓa buɗe cajar waya ta haɗin gida, irin wadda ake jonawa da batirin sola a shagunan caji na Babura ko Gwiwa, mai yiwuwa ka ga wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, an rubuta 7805 a jikinsa. Aikinsa ya karɓi wutar batir ya fitar da bolt 5 daidai. Tun shekarun 1970 ake amfani da shi, kuma duk ɗalibin lantarki a Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure zai ci karo da shi.

Ƙorafina a kan takardar bayaninsa ne. Shafin farko ya ce yana ba da har amfiya 1. Ba ƙarya ba ne, amma da sharaɗi, sharaɗin kuwa yana can cikin jadawalin ƙananan lambobi da mai sauri ba ya dubawa.

Mu yi lissafi tare. Ka ba shi bolt 13 daga batir, ya fitar da 5. Sauran 8 ɗin fa? Zafi suke zama. A rabin amfiya kawai, wat 4 ke nan. Wasu takardun sun nuna cewa idan ba a ɗaura masa alminiyum mai shan zafi ba, kowane wat yana ƙara wa cikinsa kusan digiri 65, iyakarsa kuma 125. To, a watan Afrilu, lokacin da zafin Roni ke kai 40, digiri 85 suka rage maka. Wat 1.3 ke nan, wato kusan amfiya 0.16. Ina 0.16, ina 1? Sai ya yi ta kashe kansa don kada ya ƙone, waya ta wuni ba ta cika ba, a ce mai shago ya cuci mutane.

Takardar tana da abin yabo: zanen kafasito biyu da ta bayar, 0.33 da 0.1 maikrofarad, ka bi shi yadda yake. A rediyo ko ƙaramar amfilifaya ma 7805 ya dace, don wutarsa ba ta da hayaniya. Amma ni a ganina lissafin zafin nan shafin farko ya kamata ya hau. Don cajin waya daga batir, nemi LM2596, wanda ba ya ƙone rarar wuta haka.