Fenti ba shi ne gyara ba

Ina da ja a kan abin da muke kira gyaran tsofaffin soraye, daga nan Garwa har Zariya. Bango ya tsage, sai mai siminti ya shafe, mai fenti ya zana dagi a kai, a ce an raya gado. Alhali magini da hannu yake fitar da zane tun yaɓe yana ɗanye, sannan makuba ta kare shi daga ruwa. Siminti kuwa yana riƙe damshi, ƙasa ta dinga ruɓewa ta ciki.

Masu zuwa kallon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, bakan gizonsa na ƙasa suke nema. Fadar Rai Buba ta shiga jerin jira na UNESCO a 2006. To, wa zai gyara ta idan tsofaffin magina suka ƙare? Yaro ba ya koyon sana'ar da ba ta ciyar da ubansa. Masarautu su riƙa bai wa maginan gado kwangila, da sharaɗin kowanne ya ɗauki yara ya koya musu.