Waƙar aro da waƙar kwangila

Duk lokacin da gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta zagayo, gidajen talabijin na Faransa sukan buɗe rumbu su fiddo kaya iri ɗaya: hoton Zinedine Zidane ya yi tsalle ya sa wa ƙwallo kai, hoton jama'a sun cika titin Champs-Élysées maƙil, sannan a ƙarƙashin hotunan a shimfiɗa wata tsohuwar waƙar Amurka mai suna «I Will Survive». Wanda ya kalli wasan ƙarshe na ranar 12 ga Yuli 1998, ko a Paris ne ko a tsakar gidan maƙwabci a Maraɗi, da ya ji amon nan sai daren ya dawo masa ɗungurungum: Faransa ta ci Brazil 3 da nema, biyu da kan Zidane, na uku da ƙafar Emmanuel Petit ana dab da tashi. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne yadda aka yi wannan waƙa, wadda ba ta san ƙwallo ba kuma ba ta san Faransa ba, ta gaje daren, alhali kuwa an biya mawaƙa na musamman domin su yi wannan aiki.

Gloria Gaynor ta rera ta a 1978, a zamanin kiɗan disko, kuma da farko a bayan faifai aka ajiye ta, wato gefen da ba a sa ran kowa zai juya ya saurara. Labarin da ke cikinta na wata mace ce da namiji ya wulaƙanta ya tafi, ya dawo yana tsammanin zai tarar da ita a durƙushe, ita kuwa ta nuna masa ƙofa. Masu sa faifai a gidajen rawa ne suka juya gefen, har ta hau kan jerin waƙoƙin Amurka a 1979. Shekaru bayan haka wata ƙungiyar ɗalibai ta birnin Rotterdam, Hermes House Band, ta sake ta da ƙahonni da sauri irin na biki, ta kuma ja wani sashe marar kalmomi wanda baki kawai ake buɗewa a bi. Wannan sigar ce ɗan baya Vincent Candela ya shigar cikin ƴan wasan Faransa, suka riƙa rera ta a mota da ɗakin sauya kaya, daga nan ta tsallaka zuwa ƴan kallo.

A nan ne mai nazari ya kamata ya daɗe. Abin da Faransawa suka ɗauka daga waƙar ba baitukanta ba ne. Da yawansu ba su ji Ingilishin da ke ciki ba, ba su kuma nemi ji ba. Sun yar da matar da labarinta, sun riƙe gurbin da babu magana. Ta fuskar fasaha sigar Rotterdam ba ta kama ƙafar ta asali ba: ta Gaynor tana farawa a hankali cikin tsoro, tana hawa mataki-mataki har muryar ta miƙe tsaye, ita kuwa ta ɗaliban ta fara da shewa ta ƙare da shewa, babu hawa babu sauka. Sai dai wannan talaucin nata shi ne arzikinta a filin wasa. Mutum dubu tamanin ba sa iya riƙe baiti, amma suna iya riƙe amo, kuma amon da bai ce komai ba kowa na iya zuba masa abin da ke ransa: ɗan Marseille da iyayensa suka zo daga Aljeriya, da tsohon manomi na karkarar Faransa, da malamin lakwal a Damagaram wanda ke goyon bayan ƙungiyar saboda Marcel Desailly da aka haifa a Accra da Patrick Vieira da aka haifa a Dakar.

Waƙar da hukuma ta tanada a shekarar, «La Cour des Grands», Youssou N'Dour na Senegal da Axelle Red ta Beljiyam suka rera ta a bikin buɗe gasa. Muryoyi ne na ƙwarai, aikin kuma babu ƙazanta, amma da wuya a samu wanda zai tuno karinta ba tare da an tuna masa ba.

Shekarar 2002 ta fi bayyana matsalar. An ɗauko Johnny Hallyday, babban mawaƙin Faransa na zamaninsa, aka ba shi kwangilar waƙar ƙungiyar ƙasa, «Tous ensemble», ta fito tun kafin a taɓa ƙwallo, ta yi kasuwa ƙwarai. Riga malam masallaci ke nan. Ranar Juma'a 31 ga Mayu, da tsakar rana a agogon Nijar, Senegal ta ci mai riƙe da kofi ɗaya da nema a birnin Seoul. Papa Bouba Diop, wanda ya ci ƙwallon, ya ruga kusurwar fili ya shimfiɗa rigarsa a ƙasa, abokansa suka kewaye ta suna rawa. Faransa ta yi canjaras da Uruguay, Danmak ta ci ta biyu, ta koma gida ba ta jefa ko ƙwallo ɗaya a raga ba. Waƙar Hallyday ta zama abin zolaya, rawar Diop kuwa, wadda babu wanda ya tsara mata kiɗa, ita ce ta zauna a zukata, har bayan rasuwarsa a 2020.

Kada a ɗauka cewa duk waƙar kwangila matacciya ce. Ingila ta yi tata a 1996, «Three Lions», lokacin da ta karɓi baƙuncin gasar ƙasashen Turai, kuma ta rayu har ta sake hawa kan jerin waƙoƙin ƙasar a 2018. Dalilin rayuwarta shi ne masu tsara ta, mawaƙi ɗaya da ƴan barkwanci biyu, ba su yi alkawarin nasara ba. Sun gina ta a kan shekara talatin na cizon yatsa tun kofin 1966. Da Jamus ta fitar da Ingila a wasan kusa da na ƙarshe ta bugun daga kai sai mai tsaron gida, waƙar ba ta ji kunya ba, domin ta riga ta faɗi cewa haka aka saba. Waƙar da ta bar wa faɗuwa wuri tana da inda za ta zauna washegari. Ta Hallyday ba ta bar ko tabarma ba.

Akwai kuma abin da begen 1998 yake lulluɓewa, kuma wannan ya fi batun kari nauyi. A daren nan an haska fuskar Zidane a jikin Arc de Triomphe, jaridu suka yi ta yayata cewa baƙi da farare da Larabawa sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara. A watan Oktoba 2001 aka tashi wasan sada zumunci tsakanin Faransa da Aljeriya a wannan filin na Saint-Denis kafin lokaci ya cika, bayan an yi wa taken ƙasa ihu kuma ƴan kallo sun kutsa fili. A watan Afrilu 2002 Jean-Marie Le Pen, wanda ya taɓa kushe ƙungiyar saboda asalin ƴan wasanta, ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. A 2005 unguwannin bayan gari suka kama da wuta. Lilian Thuram, wanda ƙwallayensa biyu a ragar Kuroshiya suka kai Faransa wasan ƙarshe (su kaɗai ya ci wa ƙasarsa a wasa 142), ya shafe shekarun bayan ritayarsa yana rubutu da lacca kan wariyar launin fata. Hotunan tunawa da ake haɗawa da waccan waƙa ba su da gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma amon da bai ce komai ba shi ya fi dacewa da mai son kada a ce komai.

Shi ya sa waƙar 2018 ta cancanci a ɗan daga mata hula, duk da sauƙin ginin ta. Bayan Faransa ta ci Kuroshiya 4 da 2 a Mosko, Vegedream, wanda aka haifa a Orléans daga zuriyar Kodebuwa, ya fitar da «Ramenez la coupe à la maison» da Faransanci, yana kiran ƴan wasan ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya iya. Wanda ya tashi yana jin yadda Ɗan Anace ke wasa Shago, ko yadda makaɗa ke kiran ƴan kokowa a fagen takobi, ba zai ga baƙon abu a nan ba: kirari ne, kuma kirari yana tilasta wa baki ya furta suna. Ƙasar da ta yi murnar 1998 da amo marar kalma ta wayi gari yaranta suna haddace Kanté da Umtiti da Matuidi da Pogba. Raunin kirari kuwa sananne ne, yana tsufa tare da mai shi. Matuidi ya aje takalmi a 2022, Varane a 2024.

A Katar, a 2022, ƴan wasan Faransa sun koma ga tsohuwar ɗabi'a. Suka ɗauko «Freed from Desire», waƙar rawa ta 1996 wadda wata ƴar Italiya mai suna Gala ta rera da Ingilishi, ita ma da sashenta marar kalmomi, suka yi ta tsalle da ita a ɗakin sauya kaya har zuwa wasan ƙarshe, inda Kylian Mbappé ya ci uku, Ajantina kuma ta tafi da kofin.