Jinjina ga Masuntan Iskandariyya

Idan zafi ya tsananta a Alƙahira, har iska ta zama kamar hucin maƙera, sai mutanen Masar su ɗunguma zuwa Iskandariyya, birnin da ke shimfiɗe a gaɓar Bahar Rum, domin su sha iskar teku su wartsake gajiyar shekara. Baƙi kan yabi titin Kurnish da lambunan Muntaza, da ƙasaitaccen ginin tsaron da Sarki Ƙaitbai ya soma a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar fitila; almajirai kuwa, waɗanda suka tashi da karatun Burda a zaurukan malamanmu, ba su ganin ziyararsu ta kammala sai sun tsaya a hubbaren mawallafinta, Imamu Busiri, daura da masallacin Abul Abbas Almursi.

Amma a ganina, waɗanda suka fi cancantar jinjina su ne masuntan unguwar Anfushi, waɗanda tun ladan bai kira assalatu ba sun tura jiragensu na katako cikin ruwa, suna masu tawakkali ga Mai Arzutawa, alhali sun san sharrin guguwar hunturu, wadda takan zo musu bayan baƙi sun watse. Da guminsu ne mai yawon buɗe ido ke shiga gidan abinci, ya nuna kifin da ransa ya so, a auna masa, a tsaga shi a gasa da tumatir da albasa, ya ci ya yi hamdala, galibi ba tare da ya tambayi wanda ya jefa komar ba. Kafintocin da ke sassaƙa jiragen nan da hannu a bakin gaɓa, su ma Allah ya saka musu da alheri.